Kwalbar Aminu Tana Cikin Kwallarki

Daga mahaifiyarki a Ɗanzomo, zuwa ga Bilkisu a Maigatari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kun sauka lafiya, ke da maigidanki da angona Aminu. Allah ya sa ɗakin da kika shiga ya karɓe ki, ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙon wuri. Ki gaishe min da surukarki, ki ce ina godiya da ɗawainiya.

Gaisuwar ta tsaya nan, don ba ita ta sa na ɗauki biro ba. Babanku zai kai raguna kasuwar Maigatari gobe Alhamis, shi zai miƙo miki takardar nan. Kafin ki ci gaba da karatu, ki ajiye ta, ki je ki buɗe babbar kwallarki mai shuɗin fure, ki fito da kwalbar maganin Aminu. Na san tana ciki, don a kan idona kika tura ta ƙarƙashin zannuwa kika rufe.

Tun da motarku ta tashi ban iya sa komai a bakina ba. Da safen nan, lokacin da dangin mijinki suka zo ɗaukar kayanki don tarewar da aka jinkirta har kika haihu, lokacin shan maganin yaron ya yi. Na ga kin ɗauko kwalbar, na ga kin ji sallamarsu, na ga kin mayar. Aminu ya yi tarin nan nasa mai fitowa daga ƙirji, sai gwaggon mijinki ta ce, "Yaya jikin yaron, amarya?" Kika sunkuyar da kai kika ce, "Ai ya warke." Matan suka yi dariya, ɗaya ta ce, "Kai, yarinyar nan akwai kunya, ko kallonsa ba ta yi." Ke kin ji daɗin yabon, na gani a fuskarki. Aka ɗaure kwallar a saman mota tare da gado da katifa, a zafin bazarar nan, ta bi rana daga nan zuwa Gumel, daga Gumel zuwa Maigatari. Ina tsaye a ƙofar gida da furfurata, na kasa cewa a sauke ta, wai don kada surukai su ce na cika zaƙewa. Kin ga ashe ni ma ban warke daga ciwon kunyar ba.

Aminu bai warke ba, Bilkisu. Sauƙi ya samu. Likitan da ya duba shi a Gumel ya ce ciwon haƙarƙari ne, ya rubuta masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda suke kira antibayotik, ya ce a ba shi har kwanakin su cika, ko da ya tashi yana gudu. Ina wajen, da kunnena na ji. Kwanakin ba su cika ba.

Ga abin da nake so ki yi da zarar takardar nan ta iso, tun Babanku bai juyo ba. Ki ɗauki kwalbar da kwalinta da yaron, ki je asibitin da ya fi kusa da ku. Ki gaya musu gaskiya: maganin ruwa ne da aka haɗa, ya yini a rana a saman mota, kuma an tsallake shan safe. Su za su ce ko a ci gaba da shi ko a sake sabo. Kada ki shinshina ki yanke hukunci da kanki, kada kuma ki ninka masa don ki rama wanda ya wuce. Idan kika ga numfashinsa yana sauri, ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko ya ƙi nono, to kada ki jira kowa, ko da mijinki yana bakin iyaka wajen lodi.

Na san za ki ce Inna ta cika tsoro. E, ina da tsoro, kuma yau zan gaya miki inda na samo shi.

Kin taso kin ga yayanki ba ya ji da kunnen hagu. Kin san in za a yi masa magana sai an zagayo ta damansa, kin san yadda yake karkata kai in fasinja ya yi masa magana a kekensa na haya a Gumel. An gaya muku ciwon kunne ya yi yana yaro. Gaskiya ne, amma ba a gaya muku rabona a ciki ba.

Kina jaririya kin yi irin tarin Aminu. Muka kai ki asibiti, aka ba mu gari a kwalba, aka nuna min yadda zan zuba tafasasshen ruwan da ya huce har zuwa kan layi, in girgiza. Ma'aikaciyar ta yi bayani mai yawa, amma ni hankalina yana kan motar komawa gida. Na fara ba ki, kafin a je ko'ina zazzaɓi ya sauka, kika koma dariyarki. Na ɗaga kwalbar na ga saura rabi. Sai na ce a raina, yarinya ta tashi, me zai sa in ƙarar da abu mai daraja a cikin mai lafiya? Gara in ajiye saboda wata rana. Allah ya rufa asiri kika tashi, ni kuwa na ɗauka dabarata ce ta yi.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran. Maganin nan ba a rubuta shi da ragowa ba. An auna shi da jikin mai ciwon da kwanakin ciwon. In kin ga kwalba da saura mai yawa alhali an ce ki ƙarar, to wani ne bai sha rabonsa ba. Saboda haka ki ba Aminu nasa yadda aka faɗa, da cokalin awon da ya zo da shi, ba cokalin shayi ba. In kwanaki sun cika kuma ɗan wani abu ya rage a gindin kwalba, ki mayar musu asibiti ko ki tambaye su yadda za ki zubar. Kada ki watsa a kwata inda kaji da yara ke wasa, kada kuma ki ajiye.

To ina na ajiye nawa? A kwalla, mana. A wajenmu duk abin da mace take ji da shi kwalla take sa shi: turare, sabon zane, goron baƙi. Na sa kwalbar a kwallar da ke can saman jere, dab da rufin kwano, inda hannun yara ba ya kaiwa, ina ganin na yi wayo. Kwalin kuwa na hura wuta da shi, takardar jikin kwalbar ma man shafawa ya zube mata ta ɓare. Kin san yadda ɗakin kwano yake da azahar a bazara, ko murfin kwallar ba ya taɓuwa. A nan kwalbar ta zauna har aka yi shuka.

Ban sani ba a lokacin cewa garin nan, da zarar ruwa ya taɓa shi, kwanakinsa ƙidayayyu ne ko da a wuri mai sanyi yake, balle a tanda irin tawa. Don haka duk ranar da aka haɗa miki magani, ki tambaya kafin ki fito: kwana nawa zai yi, kuma a ina zan ajiye shi? Wani sai a firji, wani inuwa mai sanyi ta ishe shi, ba duka ne iri ɗaya ba. In sun ce firji, ki faɗa musu ba ku da shi, ba abin kunya ba ne, za su gaya miki dabarar da ta dace ko su sauya miki wani. Na ji an ce maƙwabciyarku tana sayar da ƙanƙara. Kada ki kai mata ta jefa shi cikin injin da ke daskarar da ruwa, daskarewa ma ɓata shi take yi. Kwalin da takardar jikinsa kuwa ki riƙe su kamar katin asibiti, don su ne za su faɗi sunan maganin da awonsa ranar da kanki ya ɗaure.

Kafin in zo kan yayanki, akwai Talatu, maƙwabciyarmu ta wancan lokaci. Ta shigo wata rana da hantsi ta ce, "Maman Bilki, an ce kina da sauran maganin asibiti. Taimaka min da cokali biyu, yaron nan gudawa yake." Ta yaya zan ce a'a? Mace ce da ke ba ni aron turmi, ita ta zauna da ni ranar da na haife ki. Na hau kujera na sauko da kwalbar na zuba mata a murfin kofi. Yaron nata ya tashi, ko don Allah ya so, sai labari ya bazu cewa akwai magani mai kyau a ɗakina. Ni ma na ƙara yarda da kwalbar.

Gidan da kika shiga babban gida ne, za a zo miki da irin wannan roƙon, kuma wadda za ta zo ba muguwa ba ce. Ki tanadi amsarki tun yanzu. Ki ce, "Wallahi da nauyin yaron aka auna shi, in na ɗiba nasa ba zai kai ba. Tashi in raka ki asibiti." Za ta ji haushi, watakila a ce amaryar Ɗanzomo rowa gare ta. Ki bar su su faɗa. In kin ba ta, kin rage wa naki, kin kuma sa ta zauna a gida tana zaton ta yi wa nata magani.

Yanzu ga abin da ya faru. Yayanki ɗan fari ne, kin san al'adarmu. Tun da aka yaye shi ya koma ɗakin kakarku Iya, uwar Babanku, a can yake ci yake kwana. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi a tsakar gida sai in kau da kai in jira wani ya ɗaga shi. Ana yabona a kan haka kamar yadda aka yabe ki yau, ina jin daɗi kamar yadda kika ji.

Bai kai shiga makaranta ba lokacin da ciwon ya kama shi. Ya fara da jan kunne yana kuka, jikinsa kamar garwashi. Ina daka ina jiyo kukansa daga ɗakin Iya, taɓarya tana neman faɗuwa daga hannuna, amma ba damar in shiga in ce a kai shi asibiti. Uwar ɗan fari ba ta wannan. Da Iya ta fita gidan suna, na leƙa na ga ba kowa, na hau kujera na sauko da kwalbar. Da na buɗe, warin tsami ya bugi hancina, launin ma ya sauya, ya yi kauri a ƙasa. Na ga duk wannan da idona. Na girgiza na ce ai magani ba ya rasa wari. Na shiga na ɗura masa, ya yamutsa fuska ya haɗiye, yana kallona da mamaki, don bai saba ganina a kansa ba.

Da yamma Babanku ya dawo daga kiwo, ya taɓa jikin yaron ya ce, "Iya, gobe in nemi mota mu kai shi Gumel."

Ina bakin murhu, ban ɗago ba, na ce, "An ba shi maganin asibiti."

Ya ce, "Wa ya ba shi?"

Na ce, "An dai ba shi."

Iya ta gane, ta yi murmushi ta ce, "To tunda ya sha na asibiti, a ba maganin lokaci ya yi aiki."

Bilkisu, wannan maganar tawa ita ta tsayar da motar. Da babu kwalbar nan a ɗakina, da washegari yana gaban likita. Na ci gaba da ba shi a ɓoye duk lokacin da gida ya yi shiru, ina jiran sauƙi, su ma suna jira saboda na ce an ba shi. Kuka ya ragu, na ce alhamdulillahi. Ashe kunnen ne ya fashe. Wata safiya Iya ta fito da matashinsa a hannu, ya jiƙe da ruwa mai wari, ta ce, "Ke, zo ki ga." Ranar ban tsaya neman mayafin kirki ba.

A asibiti likitan ya leƙa kunnen. Ya tambayi abin da aka ba shi, na ciro kwalbar daga haɓar zanena. Ya juya ta yana neman takarda, babu. Ya ce, "Mene ne sunansa?" Ban sani ba. "Yaushe aka haɗa shi?" Na ce tun kafin azumi. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Baiwar Allah, wannan ya daɗe da tashi daga aiki. Ko sabo ne ma, ba wa yaron nan aka rubuta shi ba." Suka yi iya ƙoƙarinsu, ruwan ya tsaya, zazzaɓi ya tafi, jin kuwa bai dawo ba. Na sha tambayar kaina ko da an kai shi da wuri kunnen zai tsira. Allah ne masani. Abin da na sani shi ne ni na hana a gwada.

Za ki zaci daga nan na yi hankali. Na yi, amma rabi. Na fahimci zafi yana kashe magani, sai na koma ajiye komai a gindin randa. Da aka rubuta wa Babanku kafso saboda ƙafarsa da ta rube bayan kaho ya soke shi, na ɓalle su daga fakitinsu na ƙulle a leda na tura bayan randa. Damshi ya shige su, suka manne da juna suka yi laushi. Wannan ma da sauƙi. Wata rana na shigo daga shanya na tarar da ke, lokacin kina tafiya da kyar, kin zauna a jiƙaƙƙen yashin randa da ledar a bakinki. Na sa yatsa na ƙwaƙulo, ina ƙirga kafso, ban ma san ko nawa ne da farko ba. Allah ya sa ba ki huda ledar ba.

Don haka ƙwaya da kafso bushewa suke so da inuwa, a cikin fakitinsu, ba a ɓalle su sai lokacin sha. Gindin randa kuma nan ne wajen wasan kowane yaro. Na ruwan ya fi haɗari, don zaƙi gare shi, Aminu da kansa yake buɗe baki in ya ga cokali. Yaron da ya ɗauki magani alewa, in ya samu kwalbar shi kaɗai sai ya ga bayanta. Ki sa mijinki ya samo miki ƙaramin akwati mai makulli, a kafa shi a bangon da rana ba ta duka, sama da kan yaro, nesa da rufi, nesa da murhu. Kuma mutanen gidanku masu dabbobi ne kamar mu. Kafson da suke ɗura wa awaki da allurar shanu kada su kwana wuri ɗaya da maganin mutum, don kamarsu ɗaya a ido. Masu yawo da magani a faranti cikin ranar kasuwa kuwa, ki amsa gaisuwarsu ki wuce.

Duk wannan mai sauƙi ne, akwati da inuwa kowa zai iya. Abin da ya hana ni zama shi ne wanda na gani a fuskarki da safe. Aminu ɗan farinki ne. Ban ce ki zubar da kunya ba, ni na koya miki ita, kuma tana da wurinta. Kada ki yi masa rawa a gaban surukai, kada ki yabe shi, duk na yarda. Amma in lokacin magani ya yi, ki ɗauko kwalbar ko gaban waye, ki zaunar da shi a cinyarki ki ba shi. In an tambaye ki jikinsa, ki ce da sauƙi amma bai gama shan magani ba. In kina ganin bakinki ba zai iya ba, ki kai wa surukarki takardar nan ta karanta, ko a karanta mata. Na yafe asirina.

Saura abu ɗaya da ya faru a ɗakin likitan nan, wanda ko Babanku ba mu taɓa tayar da maganarsa ba. Da aka koma da yayanki bayan ruwan ya tsaya, likitan ya zaunar da shi a kujera, ya toshe masa kunnen dama, ya ce da ni, "Ki tsaya bayansa ta hagu ki kira shi."

Na dubi Iya, na dubi Babanku. Na ce, "Kai."

Likitan ya ce, "A'a, sunansa za ki kira. Muryarki ya fi sani."

Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa furta shi ba. Iya ta kau da kai ta ce, "Kira shi, 'yar nan." Na matsa dab da kunnensa har ina jin ƙamshin man da ke kansa, na ce, "Sulaimanu."

Yana ta kallon kalandar da ke bango yana kaɗa ƙafa. Na sake faɗa da ƙarfi. Bai juyo ba.

Sau biyu ke nan na kira shi a rayuwata, kuma bai ji ko ɗaya ba. Yau ga shi na rubuta.

Tashi ki duba yaron nan, Bilkisu. Ki kira shi da sunansa, ki ga ya juyo, sannan ki ɗauki mayafinki da kwalbar ku tafi. Babanku ba zai baro Maigatari ba sai ya ji abin da suka ce, haka muka yi da shi, ni kuma ina bakin ƙofa har ya dawo.

Allah ya ba angona lafiya, ya raya miki shi da jinsa da ganinsa. Allah ya tsare ki a gidan mutane, ya ba ki bakin magana a inda shiru zai cuce ki, ya yafe min abin da na yi da wanda na kasa yi. Amin.

Wassalam.

Innarki.